Tower Hamlets: Kotu Ta Sauke Lutfur Rahman, Akwatin Zaɓe Ya Dawo da Shi

Ranar Alhamis 23 ga Afrilu 2015, alƙali Richard Mawrey ya zauna a babbar kotun Landan ya karanta hukuncin da ya soke zaɓen magajin garin Tower Hamlets na 2014. Wanda hukuncin ya faɗa wa shi ne Lutfur Rahman, Musulmi na farko da jama'a suka taɓa zaɓa kai tsaye ya zama magajin gari mai cikakken iko a Birtaniya. Kotu ta ce ta hanyar da doka ta hana ya ci zaɓen, ta sauke shi nan take, ta kuma haramta masa takara har shekara biyar. A watan Mayun 2022 ya sake fitowa, ya kayar da wanda ya gaje shi da ratar ƙuri'a fiye da 7,000, ninki biyu da ɗoriya na ratar da kotu ta soke.

Tower Hamlets ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 32 na Landan, tana gabashin birnin, a bakin kogin Thames. An kafa ta a 1965 da aka haɗe tsofaffin gundumomi uku: Stepney, Poplar da Bethnal Green. A cikinta dogayen benen bankunan Canary Wharf suke, a cikinta kuma ake samun wasu daga cikin unguwannin da talaucin yara ya fi ƙamari a duk ƙasar. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun kai kimanin 310,000. Sama da kashi ɗaya bisa uku 'yan asalin Bangladesh ne, yawancinsu daga yankin Sylhet, Musulmi kuma sun kusa kashi 40 cikin ɗari. Wurin ya daɗe yana karɓar baƙi. Akwai wani gini a titin Brick Lane da 'yan gudun hijirar Faransa suka gina a 1743 a matsayin coci, daga baya ya koma majami'ar Yahudawa, tun 1976 kuma masallacin Juma'a ne.

Siyasar yankin ma ta daɗe da taurin kai. A 1921 an ɗaure kansiloli 30 na Poplar, da George Lansbury a gabansu, saboda sun ƙi miƙa harajin da hukumomin Landan suka ɗora wa talakawansu. Sun yi mako shida a kurkuku kafin gwamnati ta sassauta. Daga nan yankin ya zama gidan jam'iyyar Labour. Bayan kafa Tower Hamlets, Labour ta yi shekara ashirin tana cin zaɓe kamar ba ta da abokin hamayya.

'Yan Bangladesh sun shiga wannan siyasa ne ta ƙofar tsoro. Ranar 4 ga Mayu 1978, ranar da ake zaɓen kansiloli, wasu samari suka daɓa wa wani matashin tela mai suna Altab Ali wuƙa a Whitechapel yana komawa gida daga aiki, ya rasu. Lokacin jam'iyyar National Front mai ƙin baƙi na yawo a titunan yankin. Dubban mutane suka yi tattaki da makararsa zuwa tsakiyar Landan. Samarin da suka shirya wannan tattaki, da ƙungiyoyin matasan da suka kafa, su ne suka fara yankar katin Labour, daga baya wasunsu suka zama kansiloli.

A 1986 'yan Liberal suka ƙwace majalisar da ƙaramin rinjaye, suka raba gundumar gida bakwai, kowace unguwa da ofishinta da kasafinta. A zamaninsu ne rigimar gidajen hukuma ta yi zafi. Sun fifita tsarin ba 'ya'yan tsofaffin mazauna gida a unguwar iyayensu, abin da a aikace ke nufin Turawa su samu, iyalan Bangladesh su ci gaba da jira. Cikin wannan yanayi, a watan Satumban 1993, Derek Beackon na jam'iyyar BNP ya ci zaɓen cike gurbi a mazaɓar Millwall da ratar ƙuri'a bakwai kacal, ya zama kansilan farko da wannan jam'iyya ta wariyar launin fata ta taɓa samu. Wata takwas ya yi. A Mayun 1994 malaman coci da na masallatai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ta bi gida-gida suna fitar da mutane, Beackon ya faɗi, Labour ta dawo da mulki. Darasin da 'yan Bangladesh suka ɗauka a nan bai gushe ba har yau: in aka fito gaba ɗaya, aka kaɗa wuri ɗaya, ba wanda zai taka su.

Yaƙin Iraƙi ne ya fara raba su da Labour. A 2005 George Galloway na jam'iyyar Respect mai adawa da yaƙin ya kayar da Oona King ta Labour a kujerar majalisar dokoki ta Bethnal Green da Bow da ƙuri'a 823. Shekara guda bayan haka Respect ta samu kansiloli 12, Labour ta tsira da kujera 26 cikin 51. Respect ba ta daɗe ba ta tarwatse, amma ta riga ta nuna cewa ana iya cin zaɓe a Tower Hamlets ba tare da tutar Labour ba.

Lutfur Rahman ɗan Labour ne a wannan lokaci. An haife shi a Sylhet a 1965, ya zo Ingila yana yaro, ya yi karatun lauya, ya zama kansilan Spitalfields da Banglatown a 2002, ya zama shugaban majalisar a 2008. A tsarin da ake bi a lokacin kansiloli ne ke zaɓen shugaba a cikinsu, kuma suna iya tsige shi. A Mayun 2010 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kimanin kashi 60 cikin ɗari suka amince a koma tsarin magajin gari wanda jama'a za su zaɓa kai tsaye, ya riƙe ikon zartarwa shekara huɗu, ya naɗa 'yan majalisar zartarwarsa da kansa.

Abin da Labour ta yi a watan Satumban wannan shekara shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. 'Yan jam'iyya na yankin sun yi zaɓen fid da gwani, Rahman ya ci da rata mai yawa, John Biggs ya zo na biyu, Helal Abbas na uku. Kwana kaɗan bayan haka uwar jam'iyya ta ƙasa ta karɓi takardar ƙorafi daga Abbas, tana zargin Rahman da maguɗin rajistar 'yan jam'iyya da kuma alaƙa da wata ƙungiyar Musulunci. Ba a kira Rahman ya kāre kansa ba. Aka cire sunansa, aka tsallake Biggs da ya zo na biyu, aka ba Abbas mai ƙorafin takara. Ko a ina aka yi haka sunansa ɗauki-ɗora. Rahman ya fita ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, a watan Oktoba ya ci da sama da rabin ƙuri'u tun a zagayen farko, duk da cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai ya fito zaɓen. Tun daga ranar yake da labarin da zai riƙa ba magoya bayansa, cewa manya ba sa son ganin ɗan Bangali Musulmi a kan kujera. Labour ce ta miƙa masa labarin da hannunta, kuma shi alƙali Mawrey ya soki yadda jam'iyyar ta yi da shi a wannan gaɓa.

A mulkinsa na farko ya yi abubuwan da talaka ke gani da idonsa. Ya riƙe tallafin kuɗin da ake ba ɗaliban da suka haura shekara 16 bayan gwamnatin tsakiya ta soke shi a Ingila, ya ba da tallafin shiga jami'a, an gina gidaje masu sauƙin haya da yawa. A gefe guda kuma ƙorafi ya yi ta taruwa a kan yadda ake rabon kuɗin tallafi ga ƙungiyoyin unguwa. A watan Maris 2014 gidan talabijin na BBC ya yi shiri a kan haka, ministan ƙananan hukumomi Eric Pickles ya tura kamfanin binciken kuɗi na PwC ya duba littattafan majalisar.

Ana cikin wannan aka yi zaɓen 22 ga Mayu 2014. A lokacin mai zaɓe yana dangwala wa mutum biyu, zaɓinsa na farko da na biyu. In ba wanda ya haura rabi, sai a bar biyun da ke gaba a ƙara musu ƙuri'un zaɓi na biyu. Da aka gama wannan lissafi Rahman, ƙarƙashin sabuwar jam'iyyarsa Tower Hamlets First, ya samu 37,395, Biggs na Labour ya samu 34,143. Ƙirgar ta zama abin kunya. Sauran gundumomin Landan sun gama sun tafi gida, a Tower Hamlets kuwa sai ranar Talata aka bayyana sakamakon mazaɓar da aka ƙirga a ƙarshe. A kujerun kansila 45, Labour ta tashi da 22, jam'iyyar Rahman 18, Conservative 5.

A dokar Birtaniya hukumar zaɓe ba ta da ikon soke sakamako. Sai dai ɗan takara, ko masu zaɓe huɗu na yankin, su shigar da ƙara cikin kwana 21, su ajiye kuɗin jingina, in sun faɗi kuma su biya kuɗin shari'ar ɗaya ɓangaren. Labour, wadda ɗan takararta ne aka kayar, ba ta kai ƙara ba. Mutum huɗu ne suka kai, Andy Erlam da Azmal Hussain da Angela Moffat da Debbie Simone, da lauya guda ɗaya, Francis Hoar. An yi kimanin mako shida ana sauraron shaidu. Alƙalin ba baƙo ba ne a irin wannan shari'a, shi ne ya soke zaɓen wasu kansilolin Labour a Birmingham a 2005 saboda maguɗin ƙuri'ar gidan waya.

Hukuncin ya kai shafi 200, kuma ma'aunin da aka yi amfani da shi na shari'ar laifi ne, wato sai hujja ta kawar da shakka. An samu cewa wakilan Rahman sun yi rajistar ƙarya a adireshin da ba nan suke zaune ba, sun kaɗa ƙuri'a da ita. An samu maguɗi a ƙuri'un da ake aikawa ta gidan waya. An samu cewa an biya masu yawon neman ƙuri'a gida-gida, abin da doka ta hana. An samu cin hanci ta hanyar karkatar da kuɗin tallafi zuwa ƙungiyoyin da ake sa ran za su kawo ƙuri'a, har da waɗanda ma'aikatan majalisar suka ce ba su cancanta ba, da kuma biyan kafofin yaɗa labarai na harshen Bangali.  An kuma samu cewa an yi wa Biggs ƙazafin wariyar launin fata da gangan. Zargi ɗaya mai nauyi bai tsaya ba, na tsoratar da masu zaɓe a bakin rumfuna. Alƙalin ya yarda an yi cincirindo da hayaniya, amma ya ce abin bai kai matakin da doka ta gindaya ba. Game da shi Rahman, ya ce shaida ne mai kauce-kauce wanda ba a iya dogara da maganarsa. Alibor Choudhury, wakilinsa na zaɓe kuma na hannun damansa, shi ma ya rasa kujerarsa ta kansila.

Sashen da ya fi tayar da ƙura shi ne na malamai. Ana saura kwana kaɗan zaɓe, jaridar Weekly Desh ta buga wata wasiƙa da harshen Bangali mai ɗauke da sa hannun limamai da malamai 101, tana kiran Musulmi su mara wa Rahman baya. Kotu ta ɗauki wannan a matsayin matsin lamba ta fuskar addini, laifin da ke cikin dokar zaɓe ta 1983 amma asalinsa tun ƙarni na 19 ne. Shari'o'in da aka kafa hujja da su na Ireland ne, musamman na yankin Meath a 1892, inda aka soke zaɓe saboda wani bishop na Katolika da limamansa sun nuna wa mabiya cewa zaɓen wani ɓangare zunubi ne. Fiye da shekara ɗari ba a ƙara jin an soke zaɓe da wannan dalili ba. Mawrey ya ce malami na da 'yancin faɗin ra'ayinsa, amma wasiƙar ta wuce nan, ta mai da zaɓen Rahman wajibin addini a wurin mutanen da ke ɗaukar maganar limaminsu da nauyi, kuma an shirya ta ne da sanin ɗan takarar.

A ganina nan ne hukuncin ya fi rauni. Ƙungiyar ƙwadago tana gaya wa 'ya'yanta wanda za su zaɓa, jarida na yi, limaman coci ma kan fitar da wasiƙa gab da zaɓe. In aka ce na liman ne kaɗai ya zama tilastawa, to an ɗauka ke nan cewa mai zaɓe ɗan Bangali ba ya iya jin malaminsa ya kuma yi abin da ya ga dama a bayan labule. Masu suka da dama, ciki har da limaman Kirista, sun faɗi haka a lokacin. Sai dai ko an cire wannan sashe gaba ɗaya zaɓen ba zai tsira ba, don rajistar ƙarya da kuɗin tallafi da ƙazafi kowanne ya isa shi kaɗai. Magoya bayan Rahman sun fi son a tsaya a kan maganar limamai, saboda ita ce ke tabbatar da labarin cewa addininsu ake yaƙa. Abokan hamayyarsa su ma sun yi ta jan ta, saboda ita ce ke sayar da jarida. Tsakanin ɓangarorin biyu aka bar maganar kuɗi a baya, alhali ita ce ta fi tabbata. Rahoton PwC da ya fito a watan Nuwamba 2014, tun kafin hukuncin, ya riga ya nuna an ba da tallafi ga ƙungiyoyin da ba su cika ƙa'ida ba, an kuma sayar da tsohon ginin majalisar Poplar a kan fam 875,000 ga wani mai alaƙa da yaƙin neman zaɓen magajin garin. A kan wannan rahoto ne Pickles ya tura kwamishinoni a watan Disamba suka karɓe ikon rabon tallafi da sayar da kadarori.

An sake zaɓe ranar 11 ga Yuni 2015. Biggs ya ci da 32,754, amma Rabina Khan, wadda Rahman ya ɗaga wa hannu, ta samu 26,384, mako bakwai kacal bayan hukuncin. Wanda ya kalli wannan adadi ya san jama'ar ba su watse ba. An soke rajistar Tower Hamlets First, Rahman ya bayyana karyewar arziki a ƙarshen shekarar, a 2017 kuma aka cire sunansa daga rajistar lauyoyi. Su kuwa mutum huɗun da suka ci shari'a, karyewar tasa ta bar su da bashin lauyoyi na dubban ɗaruruwan fam suna neman inda za su karɓa.

'Yan sanda ba su gurfanar da kowa ba. Rundunar Landan ta duba lamarin ta ce hujja ba ta isa ba, aka yi ta suka, ta sake buɗe bincike a 2017, shi ma ya ƙare ba a tuhumi kowa ba. Wannan giɓi ya yi wa Rahman amfani ƙwarai. Kullum amsarsa ita ce alƙali ɗaya ne ya yanke masa hukunci, ba tare da masu taya alƙali ba, kuma ba wata kotun laifi da ta taɓa kama shi da komai. Maganar gaskiya ce, ko da yake ba ta goge abin da aka tabbatar a shafi 200 ba.

A 2018 Biggs ya sake ci, Labour ta kwashe kujera 42 cikin 45, aka ɗauka an rufe babin. Labour ta so ta rufe shi da kwaɗo, ta kira ƙuri'ar raba gardama a Mayun 2021 tana neman a soke kujerar magajin gari a koma tsohon tsari, bayan haramcin Rahman ya ƙare. Shi kuma ya fito yana kāre kujerar. Sama da kashi uku cikin huɗu suka ce a bar ta. Ranar 5 ga Mayu 2022 ya samu 40,804, Biggs 33,487, sabuwar jam'iyyarsa Aspire ta ci kujera 24, Labour 19, Green ɗaya, Conservative ɗaya. Wannan ne karo na farko da wata jam'iyya wadda ba ɗaya daga cikin manyan uku ba (Labour, Conservative da Liberal) ta samu rinjaye a wata ƙaramar hukumar Landan tun kafa su. Kansilolin Aspire 24 ɗin duka maza ne, duka 'yan asalin Bangladesh. An sa ido sosai a wannan zaɓe, da ɗan sanda a kowace rumfa, kuma ba wanda ya kai sakamakon kotu.

Ba ƙabilanci kaɗai ya dawo da shi ba. Gwamnatin Biggs ta toshe wasu titunan unguwa don rage zirga-zirgar motoci, abin da ya yi wa sababbin mazauna masu keke daɗi, ya kuma fusata direbobin tasi da masu kai kaya da iyalai masu yawa, har da Turawa tsofaffin mazauna. Rahman ya yi alkawarin buɗe titunan, da daskarar da harajin gida, da dawo da tallafin ɗalibai. Da ya hau, a 2023 Tower Hamlets ta zama ta farko a Ingila da ta ba duk ɗaliban sakandare abincin rana kyauta. Uwar da ke da yara huɗu a makaranta ta fi sanin wannan a kan hukuncin 2015.

Shari'ar ta fi barin tabo a dokar ƙasa fiye da a gundumar da ta haife ta. Pickles ya rubuta rahoto a 2016 a kan maguɗin zaɓe, yana yawan kafa misali da Tower Hamlets. Daga shawarwarinsa aka samu dokar zaɓe ta 2022, wadda ta wajabta nuna katin shaida mai hoto a rumfar zaɓe, abin da a da ba a yi a Ingila, don mutum sunansa da adireshinsa kawai yake faɗa a ba shi takarda. Dokar ta hana 'yan kamfe taɓa ƙuri'un gidan waya na wasu, ta kuma sake rubuta laifin matsin lamba ta fuskar addini a fili maimakon ta soke shi. An fara aiki da katin shaidar a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2023. Tsarin kai ƙara kuwa, wanda ya jefa mutum huɗu cikin bashi, an bar shi yadda yake.

Gwamnatin tsakiya ba ta ɗauke ido ba. A watan Fabrairun 2024, ƙarƙashin Conservative, aka sake tura masu bincike. Rahotonsu ya fito a Nuwamba, lokacin Labour ta karɓi mulkin ƙasa. Ya yaba wasu ayyukan majalisar, amma ya ce babu yarda tsakanin jam'iyyu, shawara na ƙarewa ne a hannun 'yan tsirarun da ke kewaye da magajin gari, majalisar kuma na ɗaukar duk wata suka a matsayin hari. A watan Janairun 2025 aka naɗa wakilan minista su zauna a sabuwar hedikwatar majalisar da ke tsohon ginin asibitin Royal London a Whitechapel, suna sa ido suna kai rahoto. Wannan karon ba a karɓe ikon Rahman ba kamar yadda aka yi a 2014, aka dai ba wakilan wa'adin shekara uku.